Wanda ya ɗauki hoton ba ya cikin hoton

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka baki ɗaya. Ni mai karanta jaridarku ne a waya daga nan Jidda, shekarata goma sha tara a ƙasar nan, direba ne ni a gidan wani ɗan kasuwa, kuma ban taɓa rubuto muku ba sai yau, don haka in kaga rubutun ya karkace kayi haƙuri, a mota nake bugawa ina jiran yara su tashi daga makaranta.

Abinda yasa na ɗauki waya shine labarin da kuka buga kwanakin baya na masu hawa duwatsun nan masu ƙanƙara, da hoton wani bawan Allah a ƙololuwa ya ɗaga tuta yana ta murmushi. Labarin yayi daɗi, ban ce bai yi ba. Amma akwai layi ɗaya da ya tsaya min a maƙogwaro, inda marubucin yace wai in kana da kuɗi da ƙarfin zuciya shikenan dutse ya zama naka. Sau biyu na karanta tun daga sama har ƙasa ina neman inda za a ambaci wanda ya ɗauko masa tanti da tukunya da ruwan sha, ko wanda ya shige masa gaba cikin dare, ban gani ba. Gashi har ƙanina a Kano ya turo min labarin ta WhatsApp yana cewa Yaya ashe abin ba wuya, wai shi da abokansa na wajen ɗaga ƙarfe sun fara maganar adashi don suje. Toh shine nace bari in faɗi abinda idona ya gani, tunda gani ya kori ji.

Na hau Kilimanjaro, dutsen nan na Tanzaniya da yafi kowane dutse tsawo a Afirka, mita 5,895, a watan Satumba na 2022. Ba da kuɗina ba, kar wani ya ɗauka ko nayi arziki ne, ina! Maigidana ne abokansa suka zuga. Tun da wata 'yar garin nan Raha Moharrak ta hau Everest, dutsen da yafi kowane dutse tsawo a duniya, a 2013, ta zama mace ta farko 'yar Saudiyya da ta kai can, abin ya shiga ran wasu masu kuɗin Jidda, kowa so yake ace shima ya hau wani abu. Shi kuwa mutum ne ɗan shekara hamsin da 'yan kai, ga hawan jini, tumbi kuma sai dai Masha Allah. Ya tafi dani ne saboda ni na san lokutan maganinsa, kuma baya shan gahawar kowa sai tawa. Mu shida ne, shi da babban ɗansa da abokansa uku, sai ni ɗan rakiya.

Shirin da mukayi yanzu in na tuna dariya yake bani. Sau uku mukaje Makka muka hau Jabalun Nur bayan Asuba har Kogon Hira, sai sau ɗaya muka tafi Abha muka kwana biyu kusa da Jabal Sauda. Jabalun Nur fa mita 640 ne ko da 'yan kai, tsofaffin mata 'yan Indonesiya da 'yan Turkiyya suna hawansa da silifas suna tasbihi. Jabal Sauda kuma da ake ji da shi wajen mita 3,000 ne, mota ce ma take kai ka. Wato inda dutsen Saudiyya ya ƙare, daidai nan muka kwana a darenmu na farko a Kilimanjaro. Mu kuwa mutanen Jidda bakin teku muke, a sifiri muke kwana a sifiri muke tashi.

Ɗaya daga cikin abokan ne ya samo kamfanin a intanet, ba zan kama suna ba. Da farko kwana bakwai suka bamu ta hanyar Machame, ɗaya daga cikin hanyoyin hawa dutsen, sai yace yana da mitin a Dubai a mayar shida, su kuma ko musu basuyi ba, suka ɗan rage kuɗi sukace ba matsala. Ka riƙe wannan kwana ɗayan da aka yanke Malam Edita, zan dawo kansa.

A dokar ƙasar ba a barin kowa ya hau shi kaɗai, dole sai da jagora mai lasisi. Ranar da muka isa ƙofar gandun dajin da dutsen yake ciki na zaci mutum biyar ko shida zasu raka mu. Sai naga jama'a kamar za a ɗaura aure. Na ƙirga da kaina, mutum ashirin da uku saboda mu shida: babban jagora, mataimakansa biyu, kuku ɗaya, sauran duk 'yan dako. Akwai sikeli a ƙofar, kowane ɗan dako kilo 20 aka yarda ya ɗauka na kayan baƙi, banda nasa tarkacen. Anan na tsaya ina kallon wani yaro da bai wuce sa'an ɗana na fari ba, takalminsa kambas ne da ya buɗe baki ya ɗaure da roba, ya ɗora tukunyar gas da kujerunmu na naɗewa a ka, ko gammo babu, ga jaka a baya. Mu kuma takalman da aka saya mana a wani mol a Jidda, kowane ƙafa ɗaya ya isa a ciyar da gida na wata guda.

Bari in faɗa maka dalilin da yasa abin ya taɓa ni fiye da sauran. Kafin in samu tuƙi shekara huɗu nayi ina tura keken alhazai a Harami, Safa da Marwa sau bakwai, wajen kilomita uku kenan, wani alhajin yafi buhun shinkafa biyu nauyi. Zai koma gida a yanka rago a taru ana barka da sauka Alhaji, haƙorin Makka sai walƙiya yake, babu mai tambayarsa wa ya tura ka. Ban ce sai an tambaya ba, ibada ce tsakaninsa da Ubangijinsa, ni kuma an biya ni haƙƙina. Amma na san yadda bayan mutum yake yi da daddare in ya wuni yana ɗauke da wani, don haka ina ganin wuyan yaran nan na gane su, kamar na haɗu da 'yan unguwarmu.

Kullum da safe mu muke fara tafiya, su tsaya su kwance tantuna su wanke kwanuka, bayan awa ɗaya sai kaji ana neman hanya a bayanka, su wuce ka fuu da kaya a ka, kafin ka iso masauki kana jan ƙafa sun kafa tanti, ga shayi ga gugguru ga ɗan ruwan ɗumi a roba na wanke hannu. Ni da yake zama teburi ɗaya da maigida baya min daɗi sai na riƙa zamewa wajensu. Abincinsu ugali, wallahi tuwon masara ne sak, miyar ce kawai ba tamu ba. Kuma tantin da muke cin abinci a ciki, in mun gama nan wasunsu suke shimfiɗa su kwanta a jere kamar kifin gwangwani, shi yasa in oga ya zauna hira har ƙarfe tara nake jin kunya, don na san akwai masu tsaye a waje cikin sanyi suna jira mu tashi.

Ga lissafin da nake so ƙanina da irinsa su gane. Kuɗin da hukumar gandun take karɓa kaɗai, na shiga da na kwana da haraji, ya haura dala 800 kan mutum ɗaya a tafiyar kwana shida, wato sama da riyal dubu uku. Wannan ba a rage shi, ba a ciniki. To in kaga kamfani yace zai kai ka a dala dubu ɗaya da 'yan kai har da abinci da tanti da mota, ka tambayi kanka daga ina aka yanko ragin? Daga cikin ɗan dako ne, da ladansa, da rigar sanyinsa. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Akwai ma wata ƙungiya a garin Moshi na gindin dutsen da ake kira KPAP da aikinta kenan, bin diddigin yadda kamfanoni suke riƙe 'yan dako, ni ban san da ita ba sai da muka sauko, da mun sani da mun duba tun daga Jidda.

Babban jagoran namu Bachagge ne, mutanen gindin dutsen, siriri, baya da yawan magana, in ka ganshi a kasuwa ba zaka ce ya iya hawa ko tsani ba. Kalma ɗaya ya riƙe tun daga ƙofa, pole pole, wato sannu sannu da yarensu na Suwahili. Tafiya yake kamar mai rakiyar amarya. Abokin oga mai mitin ɗin Dubai, wanda kullum yana wajen motsa jiki, abin ya ishe shi ya riƙa wuce shi yana cewa yalla yalla, wato maza maza. Jagoran bai ce masa komai ba. Da daddare ne yake bi tanti tanti da wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa tana nuna yawan oksijin a jini, ya rubuta a littafi, ya tambaye ka kaci abinci, kanka yana ciwo, kayi fitsari sau nawa. Ta bakin ɗan oga da yake mana tafinta ya bayyana mana cewa iskar sama ba wai wata iska ce daban ba, sirancewa take yi, a ƙololuwar Kilimanjaro duk numfashi ɗaya kusan rabin abinda kake samu a bakin teku ne, a kan Everest kuma kusan kashi ɗaya cikin uku. Jiki yana iya sabawa amma sai an bashi kwanaki, kuma ba ruwan abin da ƙwanji. Shi yasa a rana ta uku suka hau damu har wani wuri da ake kira Lava Tower, mita 4,600, mukaci abinci, sannan aka gangaro damu ƙasa da mita 4,000 muka kwana. Ka hau sama ka kwana ƙasa. A ranar ne mai yalla yalla ya fara amai, jiki magayi.

Yanzu ga kwana ɗayan nan. Masu kwana bakwai in sun haye katangar Barranco, wani hawa ne da sai ka kama dutse da hannu, sai su kwana a Karanga su huta. Mu abinci kawai mukaci a can muka zarce Barafu, masaukin ƙarshe, wajen mita 4,670, muka isa da yamma liƙis a galabaice, ƙarfe sha ɗaya na dare kuma aka tashe mu. Barafu da yarensu ƙanƙara ne, amma wurin ba ƙanƙara ba ruwa, tsandauri ne da duwatsu da iska. Duk ɗigon ruwan da ka gani a can daga kwarin Karanga wani ya ɗauko shi a ka. Da na fahimci haka sai na kasa ɗibar ruwan nan inyi alwala, taimama nayi na haɗa Magariba da Isha, oga ma da ya ganni bai ce komai ba ya buga hannunsa a ƙasa.

Mai mitin bai iya fitowa daga tanti ba a daren, mu biyar muka kama hanya. Malam Edita ni ɗan Kano ne, na san sanyin hunturu, na kuma je Tabuka da sanyi naga ƙanƙara ta zuba, amma wannan wani abu ne daban. Ruwan gorata ya daskare. Maganin Diamox da muke sha don jiki ya saba da iskar sama yasa yatsuna suna zir zir kamar ƙwari na yawo a ciki, ga fitsari bini bini, ka cire safar hannu biyu cikin wannan iska kana neman zif. Baka ganin komai sai dugadugan na gabanka a hasken tocilan ta goshi, in ka ɗaga kai kaga fitilu a jere can sama ka ɗauka taurari ne, ashe mutane ne. Taku ɗaya, numfashi biyu.

Wajen ƙarfe uku da rabi oga ya fara tari, wani irin tari mai ruwa ruwa, kirjinsa yana ƙara kamar ana zuƙar shisha. Sai ya fara tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu, Allah ya tsare. Jagoran ya tsayar damu a bayan wani dutse, ya haska masa fuska, leɓensa ya koma wani launi, ya maƙala na'urar a yatsansa ya duba ya sake dubawa, sannan ya ja layi a ƙasa da sandarsa yace ya taka a kai, ƙafa gaban ƙafa. Taku uku oga ya karkace na tare shi. Sai kawai yace, Mzee, wato dattijo, iyakarka kenan yau, zamu koma.

Toh fa. Oga mutum ne da tunda na san shi ba a taɓa ce masa a'a ba, ko a banki ko a filin jirgi. Ya fusata, yana haki yana faɗa, yace ya biya kuɗinsa, yace saura kaɗan, ya laluba aljihun ciki yace dala ɗari biyar, jagoran ya girgiza kai, yace dubu ɗaya, yanzun nan a hannu. Ka san dala dubu a wajen mutumin da yake kwana a tanti rabin shekara? Ni kaina da nake tsaye sai da gabana ya faɗi, nace a raina shikenan zai karɓa. Sai ya kama hannun oga da kuɗin ya mayar masa cikin aljihu ya ja zif ɗin, yace a faɗa masa in ya ƙara hawa awa ɗaya ba da ƙafarsa zai sauko ba, shi kuma baya hawa da mutum don ya sauko da gawa. Oga yace zai kai ƙararsa kamfani a kore shi. Yace toh, a ƙasa ofishin yake, muje can ka kai. Ni dai ban san lokacin da bakina ya buɗe ba nace ɗal umrak, wato ranka ya daɗe, ka ji maganar mutumin nan, Hajiya da yara suna jiranka. Ya dube ni ya daɗe, sannan yace ya Hajji kai ka wuce, yaron nan amana ne a hannunka. Jagoran da wani ɗan dako suka saka shi tsakiya suka juya ƙasa.

Wannan a'a ɗin ita ce abinda aka biya kuɗi aka saya, ba tanti ba, ba gugguru ba. Kuma ita ce babu a labarinku.

Mu huɗu da mataimaka biyu muka cigaba. Gaskiya daga nan abubuwa da yawa sun ɓace min, na dai san ina ta salati a zuci, na kuma san ɗan oga ya zauna sau uku yace min Ammu, wato baffa, na gaji, ƙaramin mataimakin ya karɓi jakarsa ya rataya a gaba, tasa a baya, ya riƙe masa gwiwar hannu kamar mai jan makaho. Muna kaiwa Stella Point, mita 5,756, bakin ramin dutsen, rana ta fara ɓullowa ta bayan Mawenzi, wani tsauni na jikin Kilimanjaro, gajimare duk suna ƙarƙashinmu kamar an baza auduga. Anan na fara ganin ƙanƙarar da ake faɗa. Da nake jin ana cewa dutse mai ƙanƙara na zaci fari ne fat kamar an zuba gari. A'a. Katanga ce a tsaye, tsawon bene mai hawa biyu ko uku, a zaune kan baƙin yashi ita kaɗai kamar an ajiye ta an manta, gefenta a yanke tsaf, jikinta layi layi, wani fari wani shuɗi shuɗi wani da ƙura a tsakani, ga wasu tsinkaye na ƙanƙara suna reto daga leɓenta. Da rana ta taɓa ta sai ta koma ja ja kamar garwashi. Ni da na saba ganin ƙanƙara a buhu da dusa ana sarawa da azumi, sai na tsaya baki buɗe, Subhanallah kawai nake iya cewa. Babban mataimakin yace mahaifinsa ma dako yayi a dutsen, yana basu labarin da can ƙanƙarar tafi haka nesa ba kusa ba. Daga baya na karanta cewa daga 1912 zuwa yanzu sama da kashi 80 cikin ɗari nata ya tafi, kuma a 2022 hukumar UNESCO tace da wuya ta kai 2050. Abin mamaki, da wani Bajamushe Johannes Rebmann ya hango ta a 1848 ya bada labari, masana a Turai ƙaryata shi sukayi, wai ina ƙanƙara ina tsakiyar Afirka. Jikokinmu ma watakila haka zasu ƙaryata mu.

Daga nan zuwa Uhuru, ainihin ƙololuwar inda allon yake, tafiya ce da a Jidda minti goma sha biyar ta isa, mu mun kusa awa ɗaya. Ɗan oga ya ciro tutar Saudiyya, muka riƙe ta da kyau kar ta taɓa ƙasa saboda kalmar shahada. Wayoyi duk sanyi ya kashe su sai guda ɗaya da ƙaramin mataimakin ya karɓa tun a hanya ya ɓoye a hammatarsa. Shi ya cire safar hannunsa, da jaka biyu a jikinsa, ya ja baya ya ɗauke mu hoto. Minti goma basu cika ba suka ce mu sauka.

Oga mun same shi a masaukin ƙasa, ya sauko fiye da mita dubu ɗaya da rabi, har ya fara gane mutane yana neman gahawa. Likitan da ya duba shi a Moshi yace ruwa ne ya fara taruwa a huhunsa, kuma saukowar nan da wuri ita ce maganin. Ranar sallama mutumin da yace zai sa a kori jagora ya kama kansa ya sumbata a gaban kowa, irin yadda Larabawa suke yiwa iyayensu. Dala dubun nan ma ya bashi. Ni kuma abu ɗaya na roƙa, kuɗin alherin 'yan dako kar a damƙa a hannun mutum ɗaya, a kira kowa da sunansa a bashi a hannu, don na san yadda ake yi da rabon da ya bi ta hannun wani. Takalmina na mol na barwa yaron nan mai kambas, sun masa yawa kaɗan yace zai cusa safa.

Kuma fa duk wannan da nake faɗa Kilimanjaro firamare ne, ba igiya ba gatari, tafiya ce kawai. Duwatsun da kuka sa hotonsu, irin Everest mai mita 8,849 ko Elbrus na Rasha mai 5,642, a kan ƙanƙarar kanta ake tafiya, da ƙarafa masu haƙora a ƙasan takalmi da gatarin ƙanƙara a hannu. A irinsu ƙanƙarar tana tsagewa tayi rami mai zurfin rijiya ko fiye, dusar ƙanƙara ta rufe bakin baka gani, shi yasa ake ɗaure mutane a igiya ɗaya, in ɗaya ya rufta sauran su riƙe shi. A Everest akwai wani wuri mai suna Khumbu da ƙanƙara take gangarowa tana karyewa, 'yan ƙabilar Sherpa ne suke shiga su shimfiɗa tsani a kan ramukan su ɗaura igiyoyi, baƙo ya ratsa sau kaɗan, su kuma suyi ta kai da kawowa da tulunan oksijin da tantuna. Ranar 18 ga Afrilu 2014 ƙanƙara ta ɓallo a wurin ta kashe mutum 16, dukkansu ma'aikata 'yan Nepal, babu baƙo ko ɗaya. Akwai wani Kami Rita Sherpa da ya kai ƙololuwar sau 31 zuwa watan Mayu na 2025, wajen aiki yake zuwa, mutum nawa cikin masu karatunku suka taɓa jin sunansa? Tun farkon ma haka abin yake, ranar 29 ga Mayu 1953 mutum biyu ne suka fara kaiwa, Edmund Hillary da Tenzing Norgay, shi Tenzing ya sha zuwa dutsen kafin nan, har a 1952 ya kusa kaiwa tare da mutanen Suwizalan, amma Hillary aka ba sarautar Sir shi kuma aka bashi lambar yabo. Sai dai a ranar an samu akasi mai daɗi, hoton ƙololuwar na Tenzing ne, Bature ne ya riƙe kyamara.

In kuma aka rasa mai cewa a koma, ko aka faɗa a makare, an ga abinda yake faruwa. A watan Mayu na 1996 mutum takwas suka mutu a Everest cikin guguwa ɗaya, wasunsu sun wuce lokacin da aka tsayar na juyowa saboda ƙololuwa tana gabansu kuma an kashe kuɗi mai yawa, har manyan jagorori biyu a cikin mamatan. A Satumba 2021 guguwa ta rutsa da wata tawaga a Elbrus, biyar basu dawo ba. Lasisin hawa Everest kaɗai ta ɓangaren Nepal yanzu dala 15,000 ne, banda komai, ka ga wanda ya zuba irin wannan kuɗi juyar da shi sai namijin gaske.

Ban rubuto don in hana kowa ba, wallahi abinda na gani a saman nan har in mutu ba zan manta ba, in yaranmu suna da hali suje su ga ikon Allah. Amma akwai wata magana da ta shafe mu mu musamman wadda ban taɓa ganin an rubuta da Hausa ba, maganar sikila. Mai SS kam ko kusa kar ya fara. Mai AS ma, kuma ka san yadda suke da yawa a cikinmu, wasu basu ma san suna da shi ba, ƙarancin oksijin a can sama yana iya taɓa masa saifa, ciwon gefen ciki na hagu ya turnuƙe shi a inda ba asibiti. Gwajin jini ne na kuɗi kaɗan, a yi shi a ga likita kafin a sayi tikiti. Na faɗawa ƙanina haka, na kuma ce masa in kuɗin kwana shida gare shi ya ƙara haƙuri ya tara na takwas, kuma kafin ya tambayi kamfani nawa ne ya fara tambayarsu mutum nawa suka juyar bara. In sukace kowa yana kaiwa a wajenmu, ya kashe wayar. Kafin nan ma ga Chappal Waddi can a Taraba, mita 2,419, wanda yafi kowane dutse tsawo a Najeriya, yaje ya gwada ƙafarsa tukuna, shi da ko Dala sai ya huta sau biyu.

Roƙona gare ku Malam Edita, duk ranar da zaku sake hira da wani da ya hau irin dutsen nan, bayan kun tambaye shi yadda yaji a sama, ku tambaye shi mutum nawa suka ɗauko masa kaya, nawa aka biya su, kuma menene sunan jagoransa. In ya manta sunan ku rubuta cewa ya manta.

Hoton namu yana nan a majalisin oga an yi masa firam mai ruwan gwal, mu huɗu da tuta. Shi oga baya ciki, amma shi yake bada labarin in baƙi sun zo, kuma ba laifi, yana faɗar gaskiya, har wurin aljihu da zif yake kwaikwaya. Ranar nan wani baƙo ya tambaya wa ya ɗauki hoton, aka yi shiru, ɗan oga ya kalle ni na kalle shi, ina riƙe da butar gahawa, ni ɗin ma da nake wannan dogon surutu sai da nayi ta lalube a kaina kafin sunan yaron ya dawo min. Yanzu kuma wai Elbrus ake magana, nace ɗal umrak a nemi wani mai gahawar, faratan manyan yatsuna biyu da suka cire wajen saukowa sai da suka kusa shekara kafin su dawo.

Ga yaran can sun fito, bari in tada mota. A gaida ma'aikata.

Naku,
Wani direba mai karatu, daga Jidda.